Gicciye a Ƙasar Nubiya

A shekara ta 1964 wasu masu tonon kayan tarihi suna aiki a Kasar Ibrim, wani tsohon birni a kan dutse a bakin Kogin Nilu, sai suka tarar da gawar wani mutum a ƙarƙashin babbar majami'ar birnin. An binne shi da tufafinsa, da gicciye na ƙarfe a ƙirjinsa, da kuma dogayen takardu biyu a naɗe, ɗaya da Kibɗanci, ɗaya da Larabci. Da aka karanta takardun sai aka ga sunansa Timoti, bishop ne, an kuwa keɓe shi a Masar wajen shekara ta 1372 domin ya yi kiwon ikilisiyar Faras da Ibrim. Yana cikin bishop-bishop na ƙarshe da aka san sunansu a wannan ƙasa.

Nubiya ita ce ƙasar da ta miƙe a bakin Nilu tun daga Aswan a kudancin Masar har zuwa wajen Khartum a Sudan. Dubban Hausawa sun ratsa Sudan a kan hanyar gabas, da yawa kuma sun zauna can har wa yau, amma kaɗan ne suka ji cewa sarakunan Kirista sun yi mulki a bakin kogin nan kusan shekara 900.

Littafin Ayyukan Manzanni sura 8 ya ba da labarin ma'ajin sarauniya Kandakatu wanda Filibus ya yi wa baftisma a hanyar Gaza. Kandakatu laƙabin sarauniyoyin Merowe ne, birnin da kufansa ke arewa da Khartum. Mutumin yana karanta Ishaya sura 53, inda aka yi maganar Bawan Ubangiji da aka kai shi yanka kamar tunkiya. Ashe mutumin farko na wannan ƙasa da aka san ya ji bishara, ta ƙofar gicciye ya shiga.

Bayan faɗuwar Merowe, ƙasar ta rabu uku: Nobatiya a arewa, Makuriya a tsakiya da babban birninta Dongola, sai Alwa a kudu da babban birninta Soba. Sarakunan arewa na wancan lokaci, idan suka mutu, akan tara musu tudun ƙasa babba. Masu bincike da suka buɗe kaburburan Ballana da Kustul a shekarun 1930 sun sami kambin azurfa da makamai, sun kuma sami ƙasusuwan dawakai da na barori waɗanda aka kashe domin su raka sarki lahira.

Wajen shekara ta 543 wani firist mai suna Yuliyanus ya iso Nobatiya, da taimakon Tiyodora, matar Jastiniyan sarkin Rum. Wani marubuci na zamanin, Yohanna na Afisa, ya ce zafin ƙasar ya sa Yuliyanus yakan wuni cikin kogo mai ruwa sai rana ta yi sanyi. Duk da haka ya yi shekara biyu yana koyarwa, sarki da fādawansa suka karɓi baftisma. Bayansa Longinus ya zo a 569, ya kafa majami'a, ya naɗa masu hidima, sa'an nan a 580 ya ratsa hamada har Alwa, ya yi wa sarkinta baftisma. Makuriya ma ta karɓi bangaskiya a cikin waɗannan shekaru.

A haikalin Dendur akwai rubutun wani firist mai suna Ibrahim, wanda ya ce bisa ga umarnin sarki ya karɓi gicciye daga hannun Tiyodoros, bishop na File, ya kafa shi a ranar da aka mai da haikalin majami'a. Amma babbar shaidar canji tana cikin makabarta. Cikin ɗan lokaci aka daina tara tudu, aka daina binne mutum da dukiya, aka daina kashe bawa domin ubangidansa. Sarki da talaka aka riƙa naɗe su da likkafani, a kwantar da su kai yamma, domin su tashi suna fuskantar gabas a ranar zuwan Ubangiji. A kan kabari kuwa sai gicciye da addu'a. Mutanen da suka saba ganin talakawa suna mutuwa domin sarki, sun ji labarin Sarkin da ya mutu domin talakawansa. Tun da an miƙa hadaya ɗaya wadda ta isa, jinin bawa ba shi da sauran amfani a bakin kabari.

Mutanen Nubiya sun ƙaunaci gicciye ƙwarai. Sun zana shi a bangon majami'u, a kan tukwane da fitilu da ƙofofin gidaje. A babbar majami'ar Faras, wadda Bishop Bulus ya gina a 707, an zana gicciye da surar Almasihu a tsakiyarsa, talikai huɗun nan na Wahayin Yahaya suna kewaye da shi. Akwai kuma wani littafi da harshen Nubiya na dā, wanda ake ajiye da shi a Balin ta Jamus, mai jera kirarin gicciye sama da arba'in. A wurinsu gicciye alamar nasara ce: itacen da Romawa suke rataye bayi da 'yan tawaye don wulakanci, shi ne Allah ya mai da shi wurin da aka biya bashin zunubi, aka karya ikon mutuwa.

A shekara ta 652 rundunar Larabawa daga Masar, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Sa'ad ɗan Abi Sarh, ta kewaye Dongola. Maharban Nubiya sun yi suna wajen harbin ido, birnin bai ciwu ba. Sai aka ƙulla yarjejeniyar da ake kira Baƙt, wadda ta yi wajen shekara 600 tana aiki. Ta kawo zaman lafiya da ciniki tsakanin Musulmin Masar da Kiristocin Nubiya. Amma a cikin sharuɗɗanta akwai abin baƙin ciki: Nubiya za ta riƙa aika bayi 360 kowace shekara, Masar kuwa ta aiko da hatsi da tufafi. Mulkin da ya kafa gicciye a kan fādarsa, wanda yake shaida cewa an fanshi mutum da jinin Almasihu, shi ne kuma yake sayen zaman lafiyarsa da 'ya'yan mutane. An daina kashe bawa a kabari, amma ba a daina sayar da shi ba.

Zamanin nan ne ƙasar ta yi ƙarfi. Wajen 836 yarima Jojiyos ya tafi har Bagadaza wurin Halifa Mu'utasim a kan maganar bashin Baƙt da ya taru. Marubutan zamanin sun ce ya tafi riƙe da gicciye na zinariya, aka karɓe shi da girma, aka kuma yafe bashin. A ƙarni na 10 wani manzo daga Masar, Ibn Sulaim al-Aswani, ya ga Soba da manyan gidaje da lambuna da majami'u masu zinariya, da unguwar Musulmi a cikin birnin.

To, me ya faru har wannan ikilisiya ta ɓace? Ba a rana ɗaya ta faɗi ba, ba kuwa takobi kaɗai ya ka da ita ba. Ruwa ba ya tsami banza. Da fari, ikilisiya ta jingina ga fāda, sarki ne majiɓincinta, shi ke gina majami'u. Da 'ya'yan sarauta suka shiga faɗa da juna, waɗansu suka nemi taimakon Mamluk na Masar, waɗanda suka aiko da runduna a 1276 suka naɗa wanda suke so. Kabilun Larabawa makiyaya suka yi ta shigowa suna auren 'ya'yan manya, da yake kuma a Nubiya ɗan 'yar'uwa yakan gāji sarauta, sai mulki ya koma hannunsu. A 1317 aka mai da babban zauren fādar Dongola masallaci. Na biyu, bishop-bishop ɗin ƙasar sai an keɓe su ta hannun Uban ikilisiyar Iskandariya. Da hanya ta toshe, sai makiyaya suka ƙare, babu masu maye gurbinsu. Na uku, ko da yake an juya waɗansu sassan Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Nubiya, yawancin sujada tana haɗe da Helenanci da Kibɗanci, karatu kuwa ya fi yawa a hannun firistoci da 'yan fāda.

Ƙaramar masarautar Kirista ta Dotawo ta daɗe a arewa, akwai takardar sarkinta Yowel ta shekara ta 1484. Soba ta faɗi wajen 1500. Wani firist ɗan Fotugal, Faransisko Albares, wanda ya zauna a Habasha a shekarun 1520, ya rubuta cewa mutum shida sun zo daga Nubiya suna roƙon sarkin Habasha ya ba su firistoci su koya musu. Sarki ya ce ba zai iya ba, gama shi ma daga Masar yake samun nasa bishop. Suka koma hannu wofi. Albares ya kuma ji daga bakin wani matafiyi cewa akwai majami'u wajen 150 a ƙasar, gicciye yana nan a cikinsu, mutanen kuma suna marmarin zama Kirista, sai dai babu mai koya musu.

Alamar ta fi saƙon daɗewa. Har cikin ƙarni na 20 masu bincike sun tarar da mata a waɗansu ƙauyukan Nubiya suna zana gicciye a bangon ɗaki ko a goshin jariri don tsari, ba tare da sanin wanda ya mutu a kansa ba. Abin da dā yake shelar gafarar zunubai ya koma kamar laya.

Da aka fara gina babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1960, masana daga ƙasashe da yawa suka yi gaggawar ceton kayan tarihi. Daga 1961 zuwa 1964 wata ƙungiya daga Polan ƙarƙashin Farfesa Kazimierz Michalowski ta tone majami'ar Faras daga cikin yashi, ta sami zane-zane masu launi a bango da jerin sunayen bishop-bishop na birnin. Aka ɓamɓare zanen, aka raba tsakanin Warso da Khartum, ruwa kuwa ya rufe Faras. A yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 an washe gidan tarihin Khartum, abin da ya ƙara nuna cewa bango da zane ba su iya riƙe bangaskiya.

Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa ikon Allah na ceto yana cikin maganar gicciye, wato cikin labarin da ake faɗa ana kuma gaskatawa: Almasihu ya mutu saboda zunuban mutane, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Ikilisiyar da take da gicciye a kan hasumiya da wuyan 'ya'yanta, amma ba ta horar da nata makiyaya ba, ba ta sa Maganar Allah a bakin yara da harshen da suke ji ba, tana kan hanyar da Nubiya ta bi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutum shidan nan da suka taka har Habasha suna da majami'u, suna da gicciye. Abin da suka je nema shi ne wanda zai gaya musu ma'anarsa.