Haɗa Na'urorin Suwic Domin Faɗaɗa Hanyar Sadarwa a Ofisoshin Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Suwic wata na'ura ce mai kafofi da yawa wadda ake jona kwamfutocin ofis a jikinta domin su yi musayar bayanai. A sakatariyar ƙaramar hukuma, kamar ta Anka, Gummi ko Bukkuyum, sashen mulki da sashen kuɗi da sashen lafiya kan kasance a gine-gine dabam-dabam. Idan kowane gini yana da tasa suwic, kuma kebul ɗaya tak ya haɗa su, to duk bayanan sassan ta wannan kebul za su bi. A nan ne cunkoso ke faruwa, musamman ƙarshen wata lokacin shirya albashi.

Yadda Ake Haɗawa

Hanyar da aka amince da ita ita ce a ja kebul biyu ko fiye tsakanin suwic biyu, sannan a saita su su yi aiki tamkar hanya ɗaya. Kamfanin Kalpana na Amurka ne ya fito da wannan dabara da sunan EtherChannel, kafin Cisco ya saye shi a 1994. A shekarar 2000 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.3ad, aka mayar da ita 802.1AX a 2008. A ƙarƙashinta akwai tsarin LACP, wanda ke sa na'urorin biyu su fahimci juna da kansu. Kebul huɗu masu gudun gigabit 1 za su ba da jimillar gigabit 4 a daƙiƙa.

Amfaninsa

Na farko, ma'aikata da yawa za su yi aiki lokaci guda ba tare da tsaiko ba. Na biyu, idan ɓera ya ci kebul ɗaya, sauran za su ci gaba da ɗaukar aikin. Na uku, hanyar cikin gida ba ta dogara da layin waya ba. A watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta umarci a katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali, ofis mai ingantacciyar hanyar cikin gida zai iya ci gaba da buga takardu da adana su.

Abubuwan Lura

1. Wajibi ne suwic ɗin biyu su kasance irin waɗanda ake iya saitawa, kuma kafofin da za a haɗa su zama masu gudu ɗaya.

2. Kada a ƙara kebul na biyu ba tare da saiti ba. Bayanai za su iya riƙa zagayawa babu iyaka har sadarwar ta tsaya cik.

3. Fayil ɗaya ba ya wuce gudun kebul ɗaya. Ribar tana bayyana ne idan masu aiki sun yi yawa.

4. Wannan haɗi ba ya ƙara gudun intanet da aka saya daga kamfani.

5. Kebul na tagulla ba ya wuce mita 100. Tsakanin gine-gine ya fi kyau a sa kebul na gilashi, domin tsawar damina ba ta bin sa.

Ana shawartar jami'ai da su nemi ƙwararren ma'aikaci kafin sayen kaya, kuma a rubuta lambar kowace kafa da aka haɗa a ajiye a ofis.