Daga Filin Damben Kaka Zuwa Ajin Jami'a

A ƙasar Tsiga da Bakori, har zuwa Funtuwa da Malumfashi, kaka ce lokacin wasa tun zamanin kakanni. Idan masara da dawa suka shiga rumbu, auduga ta tafi kasuwa, sai a share fili don dambe da kokawa. Taron kuwa ba na kara-zube ba ne. Mahauta, waɗanda dambe gadonsu ne, suna da sarkin dambe mai haɗa kowa da tsaransa, da mai raba faɗa, da makaɗa masu zuga, da mai masaukin baƙi. Gudanar da wasanni, wanda yau ake karanta shi a jami'a, tsohon aiki ne a ƙasar Hausa, kuma tarihi ya nuna wasa yana bunƙasa ne inda ya sami mai riƙe shi.

Dubi ƙwallon dawaki. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa ta a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya kai ta inda ta kai. Gwanintar mahaya kaɗai ba za ta yi wannan ba, sai da fada ta ɗauki nauyin dawaki da fili da barorin doki shekara bayan shekara. A Nijar ma, kokawar ƙauye ta zama gasar Takobi ta ƙasa ne daga 1975, da hukuma ta sa mata doka da lokaci da kyauta.

Ƙwallon ƙafa ce ta fallasa giɓin da ke akwai wajen gudanarwa. Kano Pillars, wadda ta ci gasar lig ta ƙasa sau huɗu, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, ta faɗo daga babban rukuni a 2022 tare da Katsina United. A waccan kakar wasan an zabge wa Pillars maki uku saboda tarzomar magoya baya a wasanta da Katsina United ɗin. Tsaron fili da sayar da tikiti da kwantiragin ɗan wasa aikin ofis ne, kuma ƙungiyoyin biyu duk hannun gwamnatin jiha suke kallo.

Wani zai ce dattawan dambe ba su da digiri, kuma sun iya. Gaskiya ne, amma su da amana da sanayya suka yi aiki, a garin da kowa ya san kowa. Yaron Tsiga da wakili zai kai Legas ko Turai, takarda ce za ta kare shi ko ta cuce shi. Wani kuma zai ce karatun gudanar da wasanni na Turawa ne, tunda Jami'ar Ohio ta Amurka ce ta fara shi a 1966. Wannan suka tana da ƙarfi, domin darasin da aka tsara don ƙungiyoyi masu dogaro da kuɗin talabijin ba zai dace da gasar unguwanni a Funtuwa ba. Maganinta yana hannun sassan ilimin motsa jiki na Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero: su tura ɗalibai gidajen dambe da filayen ƙananan hukumomi, su rubuta yadda ake tara kuɗin ƙofa, da yadda ake raba shi, da wanda ke biyan magani idan ɗan wasa ya karye.