Faifan Garmaho da Kasuwar Waƙoƙin Bishara a Amurka, 1948 zuwa 1988

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan yadda faifan garmaho na roba ya fitar da waƙoƙin Kirista daga cikin majami'a zuwa kasuwa a ƙasar Amurka, da kuma abin da ya salwanta bayan zamaninsa ya shuɗe.

2.0 Samuwar Faifan Roba

Kafin shekarar 1948, da wani irin ƙaro ake yin faifai, mai saurin fashewa, wanda kowane gefensa bai ɗaukar abin da ya wuce minti uku zuwa biyar. A wannan shekara kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai ɗaukar kimanin minti ashirin a gefe guda. A 1949 kuma RCA Victor ya biyo da ƙaraminsa. Ta haka aka sami damar ɗaukar dogon wa'azi ko jerin waƙoƙin majami'a ba tare da an guntule su ba.

3.0 Manyan Kamfanoni da Ƙananan Majami'u

Harkar ta bi hanya biyu. Ta farko ita ce ta kamfanoni, irin su Word Records wanda Jarrell McCracken ya kafa a garin Waco na Jihar Texas a 1951. Ya bunƙasa har kamfanin ABC ya saye shi a 1974, alamar cewa masu jari sun hango riba a waƙar addini.

Hanya ta biyu ta ƙananan majami'u ce, musamman na baƙaƙen fata, waɗanda kan tara kuɗi a buga masu 'yan ɗaruruwan faya-fayai su sayar wa mabiyansu. Misali a nan shi ne ƙungiyar matasa da Edwin Hawkins ya jagoranta a Kalifoniya. Faifai 500 kacal aka buga masu a 1968 domin neman kuɗin tafiya taro. Da wani gidan rediyon San Francisco ya fara sa ɗaya daga cikin waƙoƙin, wato "Oh Happy Day", sai ta game duniya a 1969. Wasu shugabannin majami'u ba su ji daɗin jin waƙar yabo a wuraren rawa ba, kuma wannan saɓani tsakanin ibada da ciniki ya daɗe yana bin harkar.

4.0 Shuɗewa da Asara

Kaset ya fara rage wa faifan kasuwa, sannan a 1988 cinikin CD ya zarce nasa. Manyan kamfanoni suka sake fitar da abin da suka san zai sayu, amma faya-fayan ƙananan majami'u suka zube a ɗakunan ajiya da juji. A 2005 Robert Darden na Jami'ar Baylor, ita ma a Waco, ya ja hankalin jama'a kan wannan asara a jaridar New York Times, abin da ya kai ga kafa shirin tattara su da naɗe su a kwamfuta.

5.0 Kammalawa

Asarar ba ta masu ibada kaɗai ba ce. A cikin faya-fayan nan akwai karin harshe da lafazi da salon wa'azin al'ummomin da ba a rubuta maganarsu ba. Duk wanda ya fashe babu kwafinsa, ya tafi da hujjar da manazarcin harshe ba zai sake samu ba.