Ɗalibin da ya sha ruwan Maraɗi ba ya kiran yaƙi da Nijar

Yau ƙasarmu ta Gobir za mu je, mu ga yadda neman ilmi a tsallaken iyaka yake sauya tunanin mutum game da haɗin kan Afirka ta Yamma.

Bari in fara da kakana. A Sabon Birni aka haife shi, amma a Tsibiri, kusa da Maraɗi, ya yi karatun allo. In aka yi zancen iyaka sai ya ce: "Wagga iyaka ta Nasara ta, ba tamu ba ta." Ina yaro na ɗauka rigimar tsufa ce. Ashe tarihi yake karanta mini.

Ku duba fa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Maratta aka haife shi a 1754, kuma yau garin yana cikin Nijar. Har Agadas ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru neman ilmi. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri. Daga can ne Ɗan Halima ya fito ya kafa Sabon Birni. Sai a farkon ƙarni na 20 Ingila da Faransa suka ja layi, gida ɗaya ya rabu biyu.

To, ga inda abin yake. Layin nan bai tare almajiri ba, domin Hausa da Larabci ɗaya ne a Isa da Maraɗi. Boko ne ya raba mu: wannan Ingilishi, wancan Faransanci, wannan ya fuskanci Legas, wancan Yamai. Da aka kafa ECOWAS a 1975, aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga ba biza a 1979, talakan Gobir bai ga sabon abu ba. 'Yan boko ne suke buƙatar a gabatar da su ga juna.

Turai ta gane wannan, shi ya sa ta ƙirƙiro shirin Erasmus a 1987, ɗalibi ya je wata ƙasa ya yi zango ya dawo. Mu namu musayar kusan da kanta ta tsiro: 'yan Nijar a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, 'yan Najeriya a Jami'ar Musulunci ta Sayi, sannan tun 2013 a Jami'ar Maryam Abacha ta Maraɗi.

Ranar gwaji ta zo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta yi barazanar amfani da soja, aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wuta. Sanatocin Arewa suka ce ba su yarda da yaƙi ba. A majalisarmu ta hira, wani abokina da ya yi digirinsa a Maraɗi ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce: "Wa za a harba? Wanda muka ci tuwo kwano ɗaya? Ko waɗanda suka sauki mutanenmu a Gidan Rumji lokacin da 'yan bindiga suka kore su?" Ba ya goyon bayan mulkin soja, amma shi a wurinsa Nijar ba taswira ba ce, fuskokin mutane ce. Gani ya kori ji.

A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Takarda ta yage, saura zumunci, shi kuwa a ƙafa yake. Abin da nake tsoro shi ne a tashi wata tsara a Isa da Sabon Birni wadda ba ta san Tsibiri ba sai a waya. Ranar da aka sake kaɗa gangar yaƙi, wa zai ce a'a?

Kai da ka yi karatu a tsallake, yaya ka koma kallon iyakar nan? Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu zaman lafiya.