Ɗan Wasa a Matsayin Garkuwar Harshe: Nazari a Kan Rajkumar da Finafinan Kannada

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin rayuwar Rajkumar (1929–2006), jarumin finafinan Kannada na jihar Karnataka a kudancin Indiya. Hujjarta ita ce, ƙimarsa a idon jama'a ta ginu ne a kan abu biyu: riƙon da ya yi wa harshensa, da ƙin neman mulki.

Daga Dandamali Zuwa Majigi

Idan aka ce fim ɗin Indiya a ƙasar Hausa, Bambai ce ke faɗowa a rai, alhali kowane babban harshe na kudu yana da masana'antarsa. An haifi Rajkumar, wanda asalin sunansa Muthuraj, a ƙauyen Gajanur ranar 24 ga Afrilu, 1929. Mahaifinsa ɗan wasan dandamali ne, kuma tun yana yaro ya bi shi cikin ƙungiyar Gubbi Veeranna, wadda ke yawo gari-gari tana nuna wasa. A can ya koyi waƙa da tsabtar lafazi. A fim ɗin Bedara Kannappa (1954) ya fara fitowa a matsayin jarumi, aka raɗa masa suna Rajkumar. Ya yi finafinai sama da 200.

Fim ɗin da ya fi dacewa da nazari shi ne Bangarada Manushya (1972). Jarumin ɗan birni ne da ya koma ƙauye domin ya riƙe iyalin yayarsa bayan rasuwar mijinta, ya duƙa a kan ƙasa mai duwatsu har ta zama gona. Shekara biyu ana haska shi a Bangalo. A ganina, nan ne masu kallo suka daina raba mutumin da rawar da yake takawa, suka kira shi "Annavru", wato babban yaya. Daga 1974 ya riƙa rera waƙoƙin finafinansa da bakinsa, har ya ci lambar yabo ta ƙasa a fannin waƙa da fim ɗin Jeevana Chaitra (1992).

Gwagwarmayar Gokak

A 1982 marubuta suka tashi tsaye suna neman gwamnati ta aiwatar da rahoton kwamitin V. K. Gokak, wanda ya ba Kannada matsayin harshe na farko a makarantun jihar. Maganar ba ta yi ƙarfi ba sai da Rajkumar ya shiga, ya zaga garuruwa, talakawa suka cika tituna, gwamnati ta sassauto. Abin lura shi ne, a maƙwabta M. G. Ramachandran ya riga ya hau kujerar babban ministan Tamil Nadu, N. T. Rama Rao kuma ya hau ta Andhra Pradesh a 1983. Ƙofar a buɗe take ga Rajkumar, amma ya kau da kai. Da ya shiga jam'iyya, da ya zama na wasu. Da ya ƙi, sai ya kasance na duk mai jin Kannada.

Wannan matsayi ne ya jawo masa wahala. Ranar 30 ga Yuli, 2000, ɗan fashin daji Veerappan ya sace shi a Gajanur, ya tsare shi kwana 108 yana tilasta wa gwamnatocin jihohi biyu su saurare shi. Rajkumar ya rasu a Bangalo ranar 12 ga Afrilu, 2006, aka cire idanunsa aka bai wa marasa gani kamar yadda ya yi wasiyya.