Daga Kolo Zuwa Gwani: Matakan Rubutun Alƙur'ani a Birnin Kano



A ƙasar Japan, mai koyon rubutun hannu yakan aika da aikinsa ga ƙungiyarsa wata-wata, alƙalai su duba. Yana farawa daga ƙananan darajoji da suke kira kiyu, ya haura zuwa manya da suke kira dan, har ya kai a ba shi takardar izinin koyarwa. Turkawan Daular Usmaniyya su ma suna da ijaza, wadda sai an same ta marubuci yake sa hannu a aikinsa. Na kawo waɗannan ne domin da yawa daga cikinmu 'yan boko muna zaton mu ba mu da irin wannan tsari. Muna da shi, takardar shaida ce kawai babu.

Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun iso zamanin Sarki Yaji (1349–1385), Shaihu Magili kuma ya zo zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499). Amma game da Alƙur'ani, Gabas Kanawa suka fi dubawa, watau Barno, shi ya sa rubutunmu na Kano ɗan'uwan Barnawi ne, dukkansu kuwa tushensu Magaribi, a kan ruwayar Warshu.

Yaro yana shiga tsangaya a matsayin kolo, ya koyi babbaƙu da farfaru, malam na rubuta masa allo. Idan ya zama titibiri sai ya riƙa rubuta wa kansa. Gardi kuwa ya sauke, ya kama hadda. Waɗannan matakai uku sun fi bin shekaru. Jarrabawar gaske tana gaba, a wajen darasu. Almajiri zai yi satu, ya cika allonsa da ka, ya kawo gaban malam a bainar jama'a. A nan ake bin allon harafi-harafi: alifin da ya kamata a ja da jar tawada, wasalin da ya kauce, ɗigon fa'un a ƙasa da na ƙafun guda ɗaya a sama. Kuskure guda ya isa a yi ta maganarsa a tsangaya. Ban san wata jarrabawar jami'a da ta kai wannan tsanani ba, na gida ko na waje.

Wanda ya haddace, ya kuma rubuta izu sittin da ka, shi ne alaramma. A da kan yi wannan a falle-fallen takarda mai wata uku da ake kawowa daga Italiya, da alƙalamin gamba, baƙar tawada ga haruffa, ja ga wasulla, rawaya ga hamza, a ƙawata da zayyana a adana a gafaka. Gwani ya wuce nan, domin ya san harji, watau ƙididdigar kalmomi da ayoyi masu kama da juna da inda kowace ta zo. Wasu tsangayu suna ƙara gangaran a sama. Babu hukumar da ke naɗa gwani, gwanaye ne ke sallama masa, kuma ba sa gaggawa.

Ɗab'i bai kashe wannan sana'a ba, ya ma yaɗa ta. Alƙur'anin da marigayi Sharif Bala na unguwar Gabari ya rubuta da hannunsa an buga shi an sake bugawa, ya shiga kasuwanni nesa da Kurmi.

Abin da ya sauya ma'auni shi ne musabaƙa ta ƙasa, wadda Jami'ar Sakkwato ta fara a 1986. Ta ɗaukaka hadda da tajwidi, ta ba mata fili, alheri ne babba. Sai dai baki take aunawa, ba hannu ba. Yanzu akan kira matashi gwani bai taɓa cika allo da ka ba, shi kuwa alaramman da ya rubuta Alƙur'ani sau uku, in ya zo ofishinku neman aiki, a gurbin ilimi sai a rubuta masa "babu".