Zanen tafiyar aiki: wanne ya fi dacewa da makarantunmu?

Ya ku malamai da iyaye, kun san yadda rashin takardar haihuwa ke tsayar da yaro a Madarumfa idan lokacin jarrabawa ya zo. Aikin yana bi ta hannun uba, da ma'aikatar magajin gari, da kotu in an makara, sannan ya dawo makaranta. Kowa ya san nasa ɓangaren, amma ba kowa ke ganin hanyar gaba ɗaya ba. Masana'antu sun daɗe da irin wannan matsala, shi ya sa aka ƙirƙiro harsunan zane, wato alamomin da aka yarda da su don nuna yadda aiki ke tafiya.

A 1921 Frank Gilbreth da matarsa Lillian suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin Amurka zanen da ke bin aiki mataki-mataki. A 1947 ƙungiyar ta tsayar da alamomi biyar: aiki, ɗauka, dubawa, jira da ajiya. Abin da nake so a wannan tsari shi ne ya ba jira alamarsa. Idan takarda ta kwana wata guda a kan teburi, zanen ba ya ɓoyewa.

A 1962 wani Bajamushe, Carl Adam Petri, ya zo da zane na lissafi. Akwai gurabe, akwai ɗigo-ɗigo da ke motsawa a cikinsu kamar 'ya'yan dara. Da shi ake gano inda aiki zai cije, misali mutum biyu kowa na jiran ɗan'uwansa. Sai dai wanda bai yi lissafi mai zurfi ba zai sha wuya kafin ya karanta shi.

A 1992, a Jami'ar Saarland ta Jamus, August-Wilhelm Scheer da abokan aikinsa suka fito da EPC, wanda ya yaɗu tare da manhajar SAP. Shi yana jera abin da ya faru, sai aikin da ya biyo baya, sai abin da ya sake faruwa. Yana da tsari, amma zanen kan yi tsawo.

BPMN ya fito a 2004, an sabunta shi a 2011. Yana raba shafi layi-layi kamar kunyoyin gona, kowane mai hannu a aikin da tasa kunyar. Da zarar kibiya ta tsallaka daga kunyar uba zuwa ta makaranta, an san hannun da takarda ta koma.

A ganina, kowanne da tambayar da yake amsawa. Na Gilbreth yana nuna inda lokaci ke ɓacewa, na Petri inda aiki zai cije, EPC abin da ke tayar da kowane mataki, BPMN kuwa wanda nauyin ke wuyansa. Mu wannan ta ƙarshe ce ta fi damunmu.

Shawarata ga kwamitin kula da makaranta ita ce a ɗauki kunyoyin BPMN, a haɗa da alamar jira ta Gilbreth, a zana a allo da Hausa tun farkon shekarar karatu. Sai a kira uban da bai yi boko ba, a bi da shi da yatsa. In ya iya faɗin wurin da zai je gobe da abin da zai riƙe, zanen ya yi. In bai iya ba, a goge a sake.